Tela da Hitar da Ya Zaɓa da Tef

Wani tela ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai yadina biyu a shagonsa.

Irin telolin nan ne da tunda suka fara taka keke ba su taɓa yin kuskure ba. In hannun riga ya gaza, hannunka ne ya yi tsawo. In wuya ya shaƙe ka, kai ne ka yi ƙiba tsakanin Litinin da Alhamis. Tef ɗin awo kuwa ba ya barin wuyansa, ko duba mara lafiya zai je. Kuma ta gefen baki yake magana, kamar kullum akwai allura a ɗaya gefen: "Ai komai na duniyar nan awo ne, ƙanwata. Awo."

Mutum ɗaya ne tak bai taɓa yarda da awon nan ba, wato surukinsa, baban matarsa. Tsohon ya yi shekara talatin yana aikin duba sikeli a kasuwanni kafin ya yi ritaya, don haka ko ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Abin da yake yi ya fi zagi ciwo. Zai saurare ka har ka gama, ya ɗan yi shiru, ya ce, "Hmm." Shekara shida da auren, tela bai taɓa samun abin da ya wuce "Hmm" ɗin nan ba, kuma abin yana cin sa a rai.

Rannan Baba ya bugo wa 'yarsa waya. Hannunta duk kumfa, sai ta saka shi a sifika. Ya ce likita ya rubuta masa gashin ƙashi na kwana goma saboda ciwon baya, asibitin kuma yana kusa da su, don haka a gidansu zai sauka.

"An ce in riƙa wanka da ruwan zafi safe da yamma. Kuna da abin dafa ruwa, ko in taho da 'yar butata?"

Butar nan ita ta ja komai. Tela ya yi wuf ya fizge wayar.

"Haba Baba! Buta? A gidana? Ai mu yanzu ruwan zafinmu ba ya ƙarewa."



"Ba ya ƙarewa," in ji Baba.

"Ko wuni za ka yi a ciki."

"Hmm. Sai na zo jibi."

Ƙit, ya kashe. Matar ta dubi mijinta, ta dubi tukunyar da suke dafa ruwan wanka da ita tun ranar da suka tare.

"Maigida, wane ruwan zafin ke nan?"

"Gimbiya, ke dai zuba ido."

In ya ce mata Gimbiya, to ta san wahala ta kusa.

Ashe ya taɓa kai ɗinki gidan wani kwastoma, ya ga hitar nan ta zamani da ake mannawa a bangon banɗaki. Ba ta da tanki. Ruwa yana ratsawa ta cikinta ne kawai, tana dafa shi nan take, ka buɗe famfo ka ga tururi. Washegari da sassafe ya shiga banɗakinsu da tef, ya yi 'yan aune-aunensa, ya rubuta a takarda, ya nufi shagon kayan lantarki.

Mai shagon wata mata ce mai gilashi a karan hanci. A hankali take magana, kamar tana lallaɓa yaro ya sha magani.

"Sannu da zuwa, Malam. Marar tanki kake so? To, zauna in ɗan yi maka tambayoyi. Famfo nawa za ku riƙa buɗewa lokaci guda?"

"Wannan kuma sirrin gidana ne."

"To. Don wanka ne, ko don wanke hannu?"

"Don ruwan zafi."

"Ruwan naku da safe yaya sanyinsa yake? Don in da sanyi sosai yake shigowa, sai mai ƙarfi."

"Kamar na kowa."

"Wayar wutar gidanku fa, tana da kauri? Mai ƙarfin tana son waya tata ita kaɗai, tun daga mita."

Tela ya gyara zama, ya ja baki gefe.

"Hajiya, ni in mutum ya zo ɗinki ina tambayarsa abin da ya ci jiya? Ina tambayarsa wa ya haife shi? Aunawa nake." Ya zaro takarda ya shimfiɗa mata a kan kanta. "Tsakanin madubi da ƙofa. Faɗi inci tara, tsawo goma sha biyu. Fito min da masu wannan awon."

Matar ta dube shi ta saman gilashi. Ta sauko da kwali uku ta jera.

"Wannan babbar ta gida mai banɗaki biyu ce, ba ruwanka da ita. Wannan ta tsakiyar ita ce taka: shawa ɗaya, ruwa ya yi zafi yadda kake so, amma sai an ja mata waya. Wannan ƙaramar ta wanke hannu ce, a ƙarƙashin famfon kicin ake saka ta."

Shi dai tuni ya ware tef. Ya auna babbar, ya yi tsaki. Ya auna ta tsakiya, ya girgiza kai irin na wanda aka kawo wa yadin da wani tela ya ɓata.

"Sha ɗaya. Ta yi yawa da inci biyu."

"Sai ka matsar da madubin."

"In matsar da me?"

"Madubin. Ƙusa biyu ce."

"Hajiya, tunda kike, kin taɓa ganin an rage wa mutum kafaɗa don riga ta shige shi? Kaya ke bin jiki, ba jiki ke bin kaya ba."

Ya ɗora tef a kan ƙaramar. Sai fuskarsa ta washe.

"Tara cif! Sha biyu cif! Wallahi kamar a jikin bangon aka yanka ta."

"Malam, ta wanke hannu ce."

"Hannu da gadon baya duk ba fata ɗaya ba ce?"

"Fata ɗaya ce, amma..."

"Tsaya." Ya auna tafin hannunsa, tsawo da faɗi. Ya auna ƙirjinsa, ya auna cinyarsa, ya ɗaga kai yana motsa leɓe. Mutane biyu da suka zo sayen ƙwan lantarki suka fasa tafiya. "Mutum gaba ɗayansa tafin hannu ɗari ne. Abin da ya iya wanke biyu, zai wanke ɗari. Haƙuri kawai za a yi."

Matar ta cire gilashin ta goge da gefen mayafi.

"Bari in faɗa maka yadda za ka gane. Ita wannan 'yar wutarta kaɗan ce. In ka buɗe shawa, ruwa zai wuce ta cikinta da gudu, ko gaisawa ba za su yi ba."

"Za su gaisa. A gidana kowa yana gaida kowa."

"To, in ka buɗe kwalin ba a dawowa da ita."

"Ni ma ba a dawo min da ɗinki."

"Ba a dawowa, ko ba ka karɓa?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya saɓi kwalinsa ya fita.

Kafin azahar an manna ta. Maganar gaskiya, ta zauna. Tsakanin madubi da ƙofa ko reza ba za ta shiga ba. Fara tas, da ɗan gilashi mai nuna lamba, da madanni biyu, ja da shuɗi. Ka danna ja ta ce "tit", ka danna shuɗi ta ce "tut". Tela ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Gimbiya, zo ki ga aiki."

Ya buɗe shawa. Ta tara hannu. Ta jira. Ta juya hannun. Ta ƙara jira.

"Yaya?"

"To... an dai ba shi labarin wuta, amma bai gan ta ba."

Ya danna ja har sai da lambar ta ƙi gaba. Ruwa yana nan yadda Allah ya yi shi. Sai ya fara rage famfon. Ya rage, ya rage, ya rage, har ruwan ya koma ɗan siriri yana saukowa ta rami ɗaya. Matar ta taɓa ta janye yatsa.

"Kin gani! Zafi!"

"Maigida, wannan ai zare ne. Da zare Baba zai yi wanka?"

Suka tara kofin shayi. Kafin ya cika ta je ta sauke tukunya ta dawo.

"Ka koma ka sayo ta tsakiyar, a matsar da madubin nan a huta."

"In koma wajen matar nan? Mai kallon mutane ta saman gilashi? Gara in ƙaura."

"To ka bugo wa Baba ka gaya masa gaskiya. Ni zan riƙa dafa masa a tukunya, me ye a ciki?"

"In ce masa ya taho da butarsa ke nan."

Ya zauna a bakin ƙofar banɗaki ya yi tagumi. Yana jin "Hmm" ɗin nan tun daga nesa, yana tahowa a mota. Can sai ya ɗaga kai ya ƙura wa silin ido. Matar ta ga bakinsa yana komawa gefe a hankali.

"Gimbiya. Mu a sana'armu, in yadi ya gaza ba a gaya wa mai riga. Ta ciki ake yin ƙari, inda ido ba ya kaiwa."

Ashe bututun da ke kai ruwa banɗaki ta cikin silin ya bi, tsakanin kwanon rufi da kwalin silin. Ƙofar shiga silin ɗin kuma tana cikin sito, bayan kicin. Kafin yamma tela ya hau da tsani ya yanke bututun, ya toshe ɓangaren da ke zuwa daga tankin ruwan gidan, ya ɗaura tiyo a ɗaya ɓangaren. Ya ja duron roba ya hau da shi, ya girke a kan katako biyu daidai saman banɗaki, ya jona tiyon a gindinsa. Shiri ya kammala: matar za ta dafa ruwa a kicin, ta miƙa masa bokiti ta ƙofar silin, shi kuma ya bi katako da rarrafe ya juye a duro.

Mutumin da ya sayi hita marar tanki ke nan.

Baba ya iso da 'yar jakarsa da sandarsa da wani ɗan littafi a aljihun gaba. Ko ruwa bai sha ba ya ce a kai shi ya ga abin. Ya tsaya gaban hitar, ya ƙwanƙwasa ta da kan sanda.

"Wannan 'yar abar?"

"Ai kayan zamani haka suke, Baba. Ƙanana, amma sai aiki."

"Ina ruwan yake zama?"

"Ba ya zama. Wucewa yake."

"Hmm."

Washegari ƙarfe shida tela ya tsaya a tsakar falo ya ɗaga murya yadda maƙwabta ma za su shaida: "To Baba, ni na wuce shago! Aiki ya yi yawa!" Ya fita ta ƙofar gaba, ya buga ta garam, ya zagaya da sanɗa ta bayan gida, ya shigo ta kicin, ya haye tsani. Baba ya shiga banɗaki da tawul da agogo.

Bokitin farko ya tafi lafiya. Na biyu ma haka. Tela yana tsugune a cikin duhu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana murmushi shi kaɗai. Sai ya ji daga ƙasa:

"Tit."

Ya tsaya cak.

"Tit. Tit."

Innalillahi. Ya manta da madannan! Ya rarrafa da sauri ya zura kai ta ƙofar silin yana raɗa da ƙarfi: "Ja! Ya danna ja! Kawo tafasasshe!" Ta miƙo, ya ja, ya rarrafa, ya juye. Ko numfashi bai sauke ba:

"Tut. Tut. Tut."

"Shuɗi! Na sanyi! Yi sauri!"

"Tit."

"Ja!"

"Tut."

"Wai shi Baba wanka yake ko kiɗa?" in ji matar daga ƙasan tsani.

Gwaji yake. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗora dutse a sikeli yana saukewa, ai ba zai ga madanni biyu ya ƙyale su ba. Minti goma, minti ashirin, rabin awa. Tela ya daina jin gwiwoyinsa. Da ƙyar aka ji an rufe famfo.

Sai ya sauko, ya sake zagayawa, ya shigo ta ƙofar gaba da sallama wai ya manta almakashi. Ya tarar da Baba a falo yana rubutu a ɗan littafinsa.

"Minti arba'in da uku. Bai ƙare ba." Ya ɗago ya dube shi. "Me ye wannan a hularka?"

Saƙar gizo-gizo ce, tun daga hula har kafaɗa.

"Wani sabon yadi ne aka kawo, Baba. Sakin zare yake."

"Hmm."

Haka aka yi ta yi, safe da yamma. A kwana na uku Baba ya ce tunda ruwan yana yi masa daɗi, bari ya ƙara da na rana. Kwastomomi suka yi ta sintiri a ƙofar shago suna tarar da kwaɗo. Wanda ya ci sa'a ya same shi a waya sai ya ji murya ƙasa-ƙasa, da amsa kuwwa kamar daga cikin rijiya: "Gobe... gobe in Allah ya yarda... saura maɓalli kawai." Wannan kam ba wanda ya yi mamaki, ko da can haka yake cewa.

Kullum kuma da rahoton da Baba zai bayar wajen cin abinci.

"Na lura in na danna ja, sai ta yi tunani kamar minti ɗaya kafin ta amsa."

"Tana da natsuwa, Baba. Ba ta gaggawa."

"Kuma tana tari."

"Iska ce a cikin bututu."

"Jiya da yamma na ji ta ce wayyo."

Matar ta ƙware da ruwa, ta tashi ta shige kicin. Tela ya ɓoye yatsansa da ya ƙone a ƙarƙashin tebur.

"Ta ƙasar waje ce, Baba. Amma ta fara sabawa da mu."

Baba ya rubuta wannan ma.

A kwana na bakwai Baba ya dawo daga asibiti ba tare da dogara sanda ba. A hannu ya riƙo ta kamar mai riƙe da rake. Likita ya ce bayan ya saki, duk abin da yake yi ya ci gaba. Baba ya zauna, ya kira tela, ya nuna masa kujerar da ke kusa da shi, abin da bai taɓa yi ba.

"Zauna. Ni mutum ne da ba na faɗin abin da ban gwada ba. Shekara shida ina yi maka kallon wanda ko lemo aka aike shi sai ya zaɓo ruɓaɓɓe."

"Haka ne, Baba."

"To, ruwan gidanka ya yi min magani. A kan wannan, ka yi ƙoƙari."

Ka yi ƙoƙari! Ba "Hmm" ba! Tela ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ƙwalla. Ya tashi yana tafiya kamar wanda aka ba kujerar mulki, duk da cewa a karkace yake tafiyar, don bayansa ya riga ya riƙe.

Matar ta tare shi a sito.

"To ka samu abin da kake nema. Yanzu je ka gaya masa gaskiya tun yana cikin farin ciki."

"Yanzu? Yanzu da na yi ƙoƙari?"

"Dubi hannuna. Dubi kafaɗata. Bokiti ashirin nake ɗagawa kullum. Baba zai warke, ni in karɓi katinsa na asibiti."

"Saura kwana uku, Gimbiya."

"Ka ƙara ce min Gimbiya, wallahi in miƙo maka bokitin ta ka."

Ranar kwana na tara da yamma Baba ya rufe ɗan littafinsa, ya ɗora biro a kai.

"Gobe da la'asar zan tafi. Amma akwai abu ɗaya da ya rage. An ce min ba ya ƙarewa. Ni kuma abin da na gwada bai wuce awa guda ba. A aikinmu ba a sa hannu a kan rabin gwaji. Gobe da hantsi zan shiga. Ko ita ta gaji, ko ni in gaji."

Cokali ya faɗi daga hannun tela.

"Baba, ai yawan wanka yana... yana kawo mura."

"Da ruwan zafi?"

"Fatar mutum tana yanƙwanewa."

"Tawa ta riga ta yanƙwane."

Da gari ya waye tela ya bi maƙwabta gida-gida yana aron tukwane. Wata maƙwabciya ta tambaya ko taro za a yi ba a gaya musu ba, ya ce a'a, wanki ne. Aka kunna duk kawunan gas, aka jona butar lantarki biyu, har tukunyar dafa shinkafa ta lantarki aka cika da ruwa. Kicin ya koma kamar gidan burodi. Matar ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, ta ce masa kada ya yi mata magana sai dai ja ko shuɗi.

Ƙarfe tara Baba ya shiga. Har da kujerar roba ya shiga da ita.

Awa ɗaya ta wuce. Rana ta fara dukan kwano, cikin silin ya zama tanda. Tela ya cire riga, ya cire singileti, ya rage daga shi sai wando da tef a wuya. Rarrafe, juye, rarrafe, juye. Daga ƙasa kuma sai ya ji abin da bai taɓa ji ba tunda ya shiga dangin nan: Baba yana 'yar waƙa ta hanci.

Awa ɗaya da rabi.

"Saura tukunya nawa?"

"Uku. Ta huɗu ba ta tafasa ba."

"Hura mata!"

"Gas ne, Maigida, ba itace ba!"

"Tit. Tit."

"Ja!"

Awa biyu saura kwata. Ruwan duro ya yi ƙasa, yana jin tiyo ya fara zuƙar iska, ƙwarrr. In ya bari ya ƙafe, shi ke nan, ruwan da ba ya ƙarewa ya ƙare, "ka yi ƙoƙari" ta koma inda ta fito. Ya ga rarrafe ba zai kai shi ba. Sai ya miƙe a duƙe, bokiti a hannun dama, bokiti a hannun hagu, ya ce bari ya taka katakon da gudu.

Taku ɗaya, katako. Taku biyu, katako. Taku na uku, kwali.

Kwalin nan kuwa kwana tara yana shan ruwan da ke zuba, yana shan tururi daga ƙasa. Ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ko ƙara bai yi sosai ba. "Fush!" kawai aka ji.

Tela ya zurma har ƙugu. Katako biyu suka tare shi a kwankwaso. Bokitan suka yi nasu wuri, ƙafarsa ta fizge tiyo daga gindin duro. Daga ƙugu zuwa sama yana cikin silin, daga ƙugu zuwa ƙasa yana cikin banɗaki, ƙafafu biyu suna reto daidai saman kan surukinsa, silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya ta faɗa cikin kwandon sabulu.

Shawa ta yi tari sau biyu, ta ɗiga, ta ɗauke.

Waƙa ta tsaya.

Gidan ya yi tsit. Ba ka jin komai sai murfin tukunya yana rawa a kicin. Matar tana ƙasan tsani da bokiti a ka, ta kasa hawa, ta kasa saukewa.

Baba yana zaune a kujerarsa ta roba, kumfa tun daga ka har wuya, garin kwali ya sauka a kai kamar an barbaɗa. Ya lalubo tawul ya yafa. Ya sa yatsa ya share ido ɗaya. Ya dubi ƙafar dama. Ya dubi ta hagu. Ya dubi agogonsa a bakin taga.

Tela dai ya ga shirun ya yi yawa, kuma duk halin da mutum yake ciki ai ba ya shiga wa babba ba gaisuwa. Ya haɗa ƙafafunsa wuri guda don ladabi, ya gyara murya, ya yi magana daga cikin silin.

"Baba... barka da hantsi. An tashi lafiya? Da ma... wucewa na zo yi, na ce bari in ɗan duba waya."

Baba ya ɗaga kai.

"Ka gaishe ni in na fito. Kwana tara ba ka taɓa yanke min ruwa ba, sai yau da sabulu a idona? Koma bakin aikinka."